Ƙwai Tara na Agwagwar Inna

Bayan sadakar arba'in ta Inna, Allah ya jiƙanta, muka zauna a tsakar gidanmu na ƙauye, can ƙasar Gobir, ana raba ƴan tarkacen da ba su kai a kira malami a kansu ba: tasoshi, zannuwa, turmi, da wata fitilar ƙwai da ta girme ni. Kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni da na zo daga Yamai da takalmi mai sheƙi, na ce a ba ni agwagwar. Aka yi dariya har masu kuka suka share hawaye.

Ina da dalilina. Tun da na buɗe ido nake ganin agwagi a gidan nan. Inna ta ce uwarta ce ta ba ta guda biyu lokacin da aka kawo ta ɗaki, kuma daga su duk sauran suka fito, shekara da shekaru. Sai wata cuta ta bi gari ta share kaji da agwagi, ta bar wannan ɗaya tak. Baƙa ce mai farin wuya, fuskarta ja mai gudaje kamar wadda ta yi faɗa da zuma. Irin tamu ce ta gida, wadda ba ta kuka, sai huci da kaɗa wutsiya. In ta mutu ba ta bar baya ba, agwagin Inna sun ƙare ke nan.

A cikin kwali na sa ta, na huda ramuka, muka shiga kar, babbar motar fasinja. Yini guda muna tafiya. A Dogon Dutsi jandarma ya tambayi abin da ke cikin kwalin, ta fito da kai ta dube shi, ya dube ta, ya miƙo mini katin shaidata bai ko karanta ba.

Matata, wadda nake kira Madam, ta tare ni a ƙofar gidanmu da ke unguwar Lamorde a Yamai. Ta leƙa kwalin ta ce, "Mutane suna dawowa daga rabon gado da gona. Kai ka dawo mini da mai ɓata tsakar gida."

Ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya taɓa zama da agwagwa ya san ba ta da makewayi, duk gidan nata ne.

Na je kasuwar kaji na sayo wa agwagwar toro, namiji irinta, ƙato, jan fuska, wanda in ya yi tafiya ƙasa sai ta amsa. Sai da na kawo shi gida na gane malalaci ne na ƙin ƙarawa. Daga inuwar mangwaro zuwa kaskon dusa, iyakar balaguronsa ke nan.

To, akwai maƙwabcina. Dattijo ne Bazabarme, yana da lambu a bakin gulbi, kuma ya yi shekara talatin yana kiwon agwagi. Ni Bagobiri, shi Bazabarme, ka san tsakaninmu wasa ne tun kaka da kakanni: daga sallama sai zagi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Yana da wani farin toro mai rawayan baki, irin na Turawa, da wani proje, shirin tallafin kiwo, ya raba musu. Toron nan a miƙe yake tafiya, ƙirji gaba, kamar sabon direkta. A gindin katangar da ta raba mu akwai rariyar da ruwan wanke-wanke ke bi, kuma ta nan direkta yake shigo mana ziyara.

Na ce, "Bawana, toronka yana shigo mini gida ba sallama."

Ya ce, "Sallamar me? Ya zo duba gidan bawan ubangidansa ne. Naka toron fa, yana raye kuwa? Jiya na leƙo na ɗauka tulu ne."

Muka yi dariya, ban toshe rariyar ba.

Da zafi ya fara shigowa, agwagwar ta soma ƙwai a bayan randa, ɗaya kowace safiya, har tara. Ta fara tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa musu, alamar za ta kwanta. Ranar wata Alhamis aka bar ƙofa a buɗe, ta fita wanka a ɗan kududdufin da ke bakin hanya, wata babbar motar yashi ta bi ta kanta. Ina buro, wajen aiki. Da na dawo maƙwabcina ya riga ya binne ta, kuma ranar bai zage ni ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali.

Na tsuguna gaban ƙwai tara ina kallon su. Masu kauri, masu santsi kamar an shafa musu mai, duk iri ɗaya. Abin da ya rage na Inna mai rai ke nan, in ma yana da ran.

Madam tana da wata jar kaza mai baƙar zuciya, wadda a lokacin ta shiga kwanci. Na je neman alfarma, na durƙusa kamar mai neman aure. Ta ce, "Ƙwanta fa?" Na ce za a soya. Ta ce, "In ka kashe mini kaza, kai za ka kwanta a kansu." Aka soya na kaza, aka jera na agwagwa a gurbi ranar Juma'a da safe. Kazar ta dube su, ta ga kowanne ya kusa biyun nata, ta gyara fukafukai ta hau, kamar wadda aka ɗora a kan buhun dankali.

Akwai abin da na tuna Inna tana yi in ta sa wa kaza ƙwan agwagwa. Kowace safiya, in kazar ta tashi cin abinci, sai ta tsoma hannu a ƙwarya ta yayyafa wa ƙwan ruwa, bakinta yana motsi. Na tabbata tofi ne. Don haka ni ma na ɗauki al'ada: kafin in tafi buro, buta a hannu, in karanta abin da ya sawwaƙa, in yayyafa. Ban san wace addu'a Inna take yi ba, sai na riƙa haɗawa da yawa ko ɗaya ta dace. Har ta shiga mota na taɓa yi musu.

Wata safiya na ji muryar maƙwabcina ta saman katanga. "Liman, in ka gama ka zo ka yi wa albasata."

Na gaya masa gadon Inna ne. Ya yi dariya har hularsa ta faɗo gidana. Ya ce, "Addu'a ba ta da laifi, amma tsohuwarka ta fi ka wayo. Agwagwa in ta tashi daga ƙwai, ina take zuwa?"

"Ruwa."

"Ta dawo a jiƙe ta kwanta. Kaza fa, da me take wanka?"

Na waiwaya. Kazar Madam tana can tana birgima a turɓaya, ƙura tana tashi.

Ya ce, "To ka gani. Ƙwan agwagwa yana son laima. In ya bushe, fatar cikin nan ta zama kamar ta ganga, ɗan ba zai iya yaga ta ba. Ci gaba da yayyafi. Miƙo mini hulata."

Na tafi buro ina mamaki. Shekara hamsin ina ɗaukar abu ibada ce, ashe wanka ne. Motsin bakin kuwa bai bayyana mini ba, na bar shi a matsayin addu'a.

Daga nan son sani ya kama ni kamar zazzaɓi. Na shiga bincike a telefon, na ga ana haska ƙwai a cikin duhu a ga abin da ke ciki. Ranar kwana na goma, da tsakar rana, na kwashi ƙwan a cikin hula na shiga ɗakin ajiya, na rufe ƙofa, na toshe taga da buhu. Na ɗora na farko a kan fitilar telefon. Jama'a! Ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ga jijiyoyi sun bazu a cikinsa kamar saiwar gero, ga wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana harbawa. Yana motsi. Na manta da zafi, na manta da zufar da ke zuba a idona. Abin da na sha soyawa da albasa, ashe duniya ce guda da hanyoyinta.

Madam ta buga ƙofa. "Namiji da ƙwai a ɗaki a rufe da rana tsaka. In maƙwabta suka ji, me zan ce musu?"

Bakwai suna da rai. Biyu fayau suke kamar ruwa, na cire su.

Telefon ɗin nan kuma shi ya gaya mini ƙwan agwagwa kwana ashirin da takwas yake yi. Na rubuta ranar a kalandar buro, na zagaye ta da jan biro. Ban tambayi maƙwabcina ba. Bagobiri ya tambayi Bazabarme sau biyu a wata ɗaya? Ai sai ya sa a yi masa kiɗa.

Ranar kwana ashirin da ɗaya kazar ta san lokacinta ya yi. Ta tashi ta dubi ƙwan, ta juya su da baki, ta ɗago ta dube ni, irin kallon fasinjan da aka ce wa "yanzu za a tashi" tun da hantsi. Na lallashe ta da gero, na ƙara da garin kifi. Ta koma. Ga shi mun shiga Afrilu, watan da in ka ajiye ƙwai a kan kujerar babur a Yamai, ko ya soyu ko ya ƙyanƙyashe kafin ka fito daga masallaci. Kazar tana haki, tana ramewa, ƙirjinta ya zama kamar wuƙa. Madam kuwa duk lokacin da ta wuce sai ta dubi kazar, ta dube ni.

Juma'a ta huɗu ta zo, kwana ashirin da takwas cif. Na zauna gaban gurbi da shayi kamar mai jiran baƙo daga Makka. Shiru. Asabar shiru. Lahadi shiru. Madam ta ce, "Baragurbi ne. Ka saki kazata." Na roƙi kwana biyu.

Litinin da yamma na kara ƙwai ɗaya a kunne, na ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙofa da farce. Washegari na aika wa shugabana saƙo cewa ana haihuwa a gidana. Har yau akwai wanda yake jin haushin ban gayyace shi suna ba.

Kafin hantsi ya yi zafi huɗu sun fito, a jiƙe, kamar an tsamo su daga miya. Awa biyu suka bushe suka zama rawaya da ɗigon baƙi, ƙafafu kamar faifai. Kazar, da ta ji motsi a ƙarƙashinta, ta miƙe da alfahari ta ja su zuwa tsakar gida, ba ta ko waiwayi gurbin ba. Ba su yi taku ashirin ba suka hangi faffaɗan tiren da Madam ta jiƙa, suka faɗa ciki gaba ɗaya. Kazar ta haukace. Tana zagaya tire tana ihu, ƴaƴanta sun faɗa ruwa, su kuwa suna ta shawagi abinsu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ragowar uku ba su ko tsage ba. Telefon ya ce ashirin da takwas, ga shi mun kai talatin da biyu. Na ce ai an gama, huɗu ma alheri ne. Madam ta kwashe ukun ta zuba a tsohon kwano, ta ajiye a bayan ƙofa, jiran mai kwashe shara.

Da la'asar maƙwabcina ya dawo daga lambu, na kira shi ya zo ya ga aikin Gobirawa. Ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya duba baki, ya duba wutsiya. Ya ce, "Yau kwana nawa?"

"Talatin da biyu."

Ya fara murmushi, irin wanda ba na so. "Barka, bawana. Ka yi mini renon jikoki."

"Jikokin wa?"

"Ƴaƴan farin torona ne, duk huɗun. Na Turawa zalla kwana ashirin da takwas. Namu na gida zalla sai Juma'a biyar. Wanda ya fito a tsakani, ruwa biyu ne, ya ɗauko gaggawar uba da nawar uwa ya raba. Za su yi ƙiba, namansu da daɗi. Amma alfadarai ne. Ko macen ta yi ƙwai, sai dai a soya, ba ya ƙyanƙyasuwa har abada."

Juma'a biyar. Yana faɗa, sai na ga jikin rumbun Inna a idona. Akwai zane-zanen gawayi a jikinsa, layi biyar-biyar, wasu sun dushe, wasu sababbi. Tun ina ƙarami nake ganin su ban taɓa tambaya ba. Bakin nan da yake motsi, kwana take ƙirgawa.

Maƙwabcina ya ce, "Nawa ka sa wa kazar?"

"Bakwai suka rage."

Murmushin ya ɗauke. "Ina ukun?"

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Kwanon yana nan bayan ƙofa, mai shara bai zo ba, Allah ya yi masa albarka da lalacinsa. Tun hantsi ƙwan ba su ga kaza ba. Na taɓa su, da ɗumi, amma ranar ko ƙarfen ƙofa da ɗumi yake. Na kara a kunne, ban ji komai ba.

Maƙwabcina ya ce, "Madam, ba ni ruwa a ƙwarya, mai ɗumi kamar na wankan jariri."

Ya jira ruwan ya kwanta sarai, ya saka ƙwai ɗaya a hankali, ya janye hannu. Muka sunkuya mu uku, kawunanmu suna haɗuwa. Ƙwan yana yawo a sama, shiru. Sai ya yi wani ɗan girgiza, shi kaɗai, ba iska, ba wanda ya taɓa ƙwaryar. Ruwan ya yi zobe. Madam ta ce, "La ilaha illallahu." Na biyu ma ya motsa. Na uku ya tsaya kamar dutse, amma ya ce a bar shi tare da su.

Ya ce, "Zafin Yamai da kuke zagi, shi ya riƙe muku su. Saura kwana uku. Sai kaza ta koma."

Kaza kuwa ta gama aikinta a ganinta. Ta yi wata guda a zaune, ta samu ƴaƴa, ko da mahaukata ne. Muka mayar da ita gurbi, ta tashi. Muka sake, ta sare ni a hannu. Maƙwabcina ya ce muddin tana jin kukan huɗun nan ba za ta zauna ba. Ya kwashe su a gaban rigarsa ya nufi lambu, yana cewa, "Dama kayana ne, na zo ɗauka."

Madam da kanta ta ɗauko babban kwando ta kife a kan kazar da ƙwan, ta ɗora dutsen niƙa. Ta ce, "In za a wahalar da ita, gara ni in yi." Na leƙa ta ramin kwandon. Kazar tana tsaye a kan ƙwan, ƙafafu a buɗe, kamar sojan gadi, ba ta taɓa su ba. Na yi mata magana da Hausa, na yi da ƴar Zabarmancin da na iya. Tana tsaye har aka kira magariba. Da na dawo daga masallaci na tarar ta zauna, ta juya mini baya.

Laraba na yayyafa ruwa. Alhamis na ga ɗan tsagu a jikin biyu. Juma'a ta biyar, kafin a tafi masallaci, na farko ya turo murfin ɓawo ya faɗo, baƙi-baƙi da rawayan ƙirji, da ƴan farata masu kaifi. Na biyun ya huda rami ya fito da baki, ya tsaya. Awa ɗaya, awa biyu, bakin yana buɗewa yana rufewa. Na kai hannu zan ɓare masa, maƙwabcina ya buge hannun.

"Ka ɓare, ka yanke jijiya, jini ya zuba. Kawo tsumma mai laima."

Ya lulluɓe ƙwan ya bar wajen bakin. Muka zauna a kan tabarma muna kallo, ba wanda ya zagi wani. Wajen la'asar ɓawon ya fara tsagewa a zagaye, kaɗan-kaɗan, sai ga ƙafa, sai ga shi duka, ya baje kamar wanda ya yi noman kadada.

Na ukun baragurbi ne na gaskiya. Na kai shi juji ya fashe a hanya, kuma ina da shaidu cewa ranar har a unguwar Gaweye, ƙetaren gada, an toshe hanci.

Ba a gama ba, don in duka biyun maza ne, wahalar ta tashi a banza. Kuma ɗan agwagwa ba ya nuna ko shi wane ne da wuri. Wata biyu ina auna su da ido safe da yamma. Ɗaya ya riƙa girma kamar ana hura shi, ya gano inuwar mangwaro, ya kwanta kusa da ubansa. Ashe malalacin ya taɓa tashi. Ɗayan, wanda ya makale a ɓawo, ya tsaya ƙarami, gashi ya fito baƙi, sai wani fari ya zagaye wuya. Madam ce ta fara faɗa. Tana tankaɗe ta ce, "Waccan mace ce. Dubi yadda take kallon mutane, kamar uwarta."

Da shekara ta zagayo ta fara ƙwai a bayan randar nan. A ranar na sayo ragar waya na toshe rariya. Direkta ya zo ya tsaya ta waje yana leƙe, ubangidansa kuma ta saman katanga yana cewa Gobirawa ba su san karɓar baƙi ba. Huɗun nasa sun yi ƙiba kamar yadda ya ce, ya aiko mana da ɗaya a dafe. Jar kazar tana nan, amma tun daga lokacin, in ta ga ƙwai ya fi nata girma sai ta sake hanya.

Abin da har yau ban gane ba shi ne yadda ƙwai ya san ubansa. Uwa ɗaya, ɓawo ɗaya, kaza ɗaya, zafi ɗaya, amma wani ya buga ƙofa Litinin, wani ya ce shi sai Juma'a. Na tambayi maƙwabcina, ya ce shi albasa ya karanta.

Agwagwar ta kwanta da kanta a kan goma sha biyu. Kowace rana da hantsi takan tashi ta shiga daron da na ajiye mata a cikin gida, nesa da hanyar motoci, ta fito tana ɗiga, ta bi ta kan tabarmar Madam ta koma gurbi. Ban ɗauki buta ba. Gawayi na ɗauka, na ja layi a jikin katangar da ba a daɗe da shafa wa farar ƙasa ba. Madam ta fito ta gani, ta riƙe ƙugu.

"Layi nawa za ka ɓata mini?"

Na ce, "Biyar."